Layar Ɗan Italiya

Mahaifiyata fara ce sol, gashinta har gadon baya. A Gumel kowa ya san dalili: ubanta ɗan Italiya ne, mai haƙa rijiyoyi, da ya zauna a Gagarawa Tasha zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa. Ya tafi tana ciki, bai dawo ba. Abin da ba a tabbatar ba shi ne ko an ɗaura masa aure da kakata.

Ban taɓa damuwa ba sai da na je neman aure a garin Sule Tankarkar. Da suka yi binciken asali, baffan yarinyar ya aiko a kawo shaidar cewa uwata 'yar halak ce. Yayanta kuwa bai tsaya sakaya zance ba, a teburin mai shayi ya kira ni jikan kwartanci. Ni da ma zuciya gare ni kamar ta kuturu. Na ɗaga benci na fasa masa goshi, mutum uku suka danne ni.

Daga nan na shiga neman takarda. Wani tsohon magatakardan kotun alƙali ya buɗe mini kundayen da ya adana a gidansa, ya ce, "Sunansa fa?" Kakata kuwa macen da ce, har ta koma ga Allah bakinta bai furta sunan mijinta ba, don kunya. "Shi" take cewa, in ta matsu ta ce "mai rijiya". Wata uku ina buɗe shafukan da gara ta ci rabinsu, ina neman mutumin da ban san sunansa ba.

A Gagarawa na samu ƙawar kakata, tsohuwa tukuf.

"An ɗaura mana, ɗan nan, ni na ci goron," in ji ta. "Amma wa zai karɓi maganata, ana cewa na ruɗe? Alƙali ya rubuta a bayan takardar da mutumin ya zo da ita daga ƙasarsu. Kakarka ta ji tsoron ɓata, ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin laya."

Na san layar. Tana ɗaure a damtsen kawuna, ƙanin mahaifiyata da kakata ta haifa a aurenta na biyu. Dillalin shanu ne a Maigatari, kuma ya yi imani maganin ƙarfe ce, wai takardar Bature wuƙa ba ta keta mai ita.

Ranar kasuwa na same shi a kara. Na durƙusa na gaishe shi, na roƙe shi ya bari a farke ɗinkin, a karanta, a mayar.

"Kai, yaro, ka yi hauka? Laya in an buɗe ta ai ta mutu. Ka je ka nemi wata matar."

"Kawu, mutuncin yayarka ne a ciki."

"Mutuncin nata ya kai raina?"

Na cafki hannunsa. Ya sakar mini sandar kiwo a baki, haƙorana biyu suka zube a kan kashin shanu. Idona ya rufe. Na fizgi wuƙar wani mai igiya, da niyyar tsinke layar kawai, wallahi. Ya fincike, wuƙar ta ratsa fatar layar ta shige damtsensa har ƙashi. Bai yi ihu ba. Ya tsaya yana kallon jininsa da mamaki, kamar jinin wani ne. Dillalai suka rufe ni da duka, ni kuwa na dunƙule layar a hannu ban saki ba.

A bayan wata motar shanu na farke ta. Jini ya riga ni shiga. Gefen da aka buga da injin Turawa yana nan garau. Wani direba da ya taɓa aikin gona a Italiya ya karanta mini daga baya: takardar haihuwa ce, ga sunansa, ga na ubansa da uwarsa, har ƙauyensu. Amma alƙali da tawadar allo ya yi nasa rubutun, irin wadda ake wankewa a sha. Ta narke ta bi jinin. Bisimilla kaɗai ta tsira a sama.

Hannun kawu ya shanye, jijiya na yanke. Maganar aure kuwa ko waiwayarta ba a sake yi ba.

Na kai wa mahaifiyata takardar, bakina a kumbure. Na ce, "Inna, na samo sunan babanki." Na yi zaton za ta ce in faɗa. Ta juya takardar, ta daɗe tana kallon gefen da ya zama baƙi da ja, sannan ta miƙo mini.

"Da ka bar ta a ɗinke," ta ce, "da har yau ina da shaida."