Sandar da Na Jefa a Gonar Surukina

Shekarun da nake malamin gona a ƙasar Kiru, kafin a ba mu mulkin kai, aka aiko mu aikin awon amfanin gona. Ana so a san yawan dawar da ƙasa ke bayarwa, ga shi ba mai iya auna gonakin duniya duka. Don haka sai a ɗibi kaɗan, kamar yadda mace ke ɗanɗana miya a bakin ludayi. Sharaɗin ɗaya ne, ba mutum ne zai zaɓa ba, ƙuri'a ce. In ka bar wa mutane zaɓi, gonar da ta fi kyau za su kai ka, su haɗa maka da fura.

Da kaka na isa Ɗansoshiya, garin su matata. Kowane magidanci ya jefa guntun kara mai alamarsa a cikin ƙwarya, dagaci ya kau da kai ya zaro ɗaya. Duk karan da ke cikin ƙwaryar nan, sai na surukina ya fito.

Jama'a suka hau murna, har da masu cewa ƙuri'ar ma ta san manomi. Tsohon nan ba shi da sarauta, bai yi karatu mai zurfi ba. Abin da yake da shi kawai, in ana hirar noma daga nan har Dangora, da shi ake misali.

Gari ya ɗunguma zuwa gonar. Dawa ce ta gani ta faɗa, zangarniya duk ta sunkuya. Saura fitar da wurin da za a yanka, shi ma ba da ido ake zaɓa ba. Sai ka juya wa gona baya ka wurga sanda, inda ta faɗi nan za a kewaye da igiya. Jifa ɗaya ake yi. Na yi bisimilla na wurga da ƙarfi, don kada a ce mijin 'yarsu rago ne.

Ashe can tsakiya akwai wani ɗan fili da ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya cinye, dawar ko ƙugu ba ta kai ba. A nan sandata ta je ta kwanta abinta.

Wallahi ban taɓa ganin mutane sun makance lokaci ɗaya haka ba. Wannan na kallon sama, wancan na cire ƙayar da ba ta soke shi ba. Dagaci ya matso ya ce, "Malam, kamar hannunka ne ya goce. Ai ba wanda ya gani."

Na so in sake, Allah ya sani. Amma in na sake a nan, gobe a garin Ƙofa ma sai na sake, aikin ya zama yawon shan fura. Na ce a ja igiya.

Aka yanka, aka sussuka, aka ɗora a sikeli. Allurar ta ɗan motsa, don kada ta ba mu kunya.

Na je na durƙusa gaban tsohon, kaina a ƙasa. Na ce, "Baba, ba a sa suna. Haɗa awon za a yi da na sauran garuruwa. A Kano ba wanda zai san gonar wa ce."

Ya ce, "Ina ruwana da Kano?" Ya dubi mutanen garinsa, waɗanda idanunsu suka warke tun da aka ɗaga sikeli.

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Sai dai ya ce da wani, "A gaya wa yaron nan ya ci abinci," ina zaune a gabansa. Irin kunyar da ake yi wa ɗan fari ya ɗauke ni da ita. Ran nan kuwa ya dube ni ido cikin ido, ya miƙo mini hannu kamar kowane baƙo.

Ya ce, "Sannu da aiki, Malam. A sauka lafiya."

Da sunan Malam ɗin nan ya ci gaba da kirana har ya koma ga Allah, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.