Inabin Goggo Edina

Goggo Edina Mwaluko yayar mahaifina ce. Tun tana budurwa take aiki a gonar inabin 'yan mishan da ke kusa da ƙauyenmu, arewa da Dodoma. Can ta koyi datse rassa da ɗaure su a waya. Da ta yi aure aka ba ta yankan rassa guda arba'in ta dasa a bayan gidan mijinta. Irin da muke kira Makutupora ne, mai ƙananan 'ya'ya baƙaƙe da kaurin fata, wanda fari ba ya damunsa.

Mijinta ya rasu da wuri. Da wannan gonar ta riƙe 'ya'ya biyar. Sau biyu a shekara take tsinka, motar kamfanin giya ta zo ta kwashe, a can a haɗa da na kowa. Da aka kawo irin Turai masu manyan nono, maƙwabta suka tumɓuke nasu suka dasa sabo. Ita ta ƙi. Mahaifina ya yi ta mita, ta ce masa ya je ya kula da awakinsa.

Giyar kuwa ba ta taɓa sha ba, ban da ɗan kurɓin da ake bayarwa a coci. Abin da ta sani shi ne ɗanyen inabi. In tsinka ta matso, kullum da safe sai ta bi layi tana tauna ƙwaya ɗaya ɗaya tana tofar da fatar.

Tana da shekara sittin da takwas wani mai suna Yohana Chidosa ya buɗe ƙaramin wurin matsa inabi da yin giya a gari. Ya zo ya ce yana son inabinta shi kaɗai, ba gauraye. Bayan shekara guda da rabi ya dawo da kwalba. Ina nan ranar, mun gama cin tuwon dawa da miyar yauƙi a gindin kuka.

Ya zuba mata kaɗan a kofin gilashi, ya nuna mata yadda za ta juya shi ta shinshina. Ta ce ba yau ta fara amfani da hancinta ba. Ta ɗaga kofin ta duba a rana, ja ne har ya yi duhu. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta daɗe kafin ta haɗiye.

Ta ce da farko kamar ɗinya, daga baya bauri ya kama harshe, kuma baurin ta gane shi, na fatar inabinta ne. Sai ta sake kurɓa.

"Ɗana, ka haɗa da na gangare."

Yohana ya ce ai duk gonarta ce.

"Gonata ce, amma na gangare ruwa yake kwana a ƙafarsa. Shi ne wannan salam ɗin da nake ji a ƙarshe. Da ka tambaye ni da na gaya maka."

Yohana ya yi dariya ya ce, "Mama, shekara uku na yi ina karatun wannan abu."

"To, ba a gonata ka yi ba."

Tsinkar da ta biyo baya ya zo da kwanduna iri biyu, na tudu da na gangare, ita ta tsaya tana nuna wanda za a zuba a ina. Giyar ta tudu ta fito da ƙarfi, wasu otal biyu a Dar es Salaam suka riƙa saya. Maƙwabta uku suka zo neman yankan rassa, ta ba su, har da wanda ya fi kowa yi mata dariya a da.

Tun daga nan duk shekara Yohana yakan kawo mata kwalbar farko. Rabin kofi take sha, ta faɗi abin da ta ji, sauran ta ba mahaifina. Bara ta rasu ana saura sati biyu tsinka. Surukarta Rahel ce ke riƙe da gonar yanzu.