Rayuwar Malam Baballe Abdulgaffar, Ma'ajin Mahautan Briqueterie, da Takardar da Aka Saya da Sefa Aka Biya da Naira

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Baballe a garin Haɗeja ta Najeriya a shekarar 1958, a gidan Abdulgaffar mahauci da matarsa Tasalla. Ya sauke Alƙur'ani yana da shekara goma sha huɗu, ya kuma yi firamare har aji shida, inda ya yi fice a lissafi. Wajen mahaifinsa ya ɗauki ƙa'idar da ya rayu a kanta: lambar da aka rubuta a littafin amana ba a soke ta, kuma mai ajiya abin da aka ba shi yake mayarwa cif.

Zuwa Yaoundé da aure

A 1981 ya biyo fataken shanu zuwa Kamaru, ya sauka a unguwar Briqueterie da ke Yaoundé, ya kafa teburin nama. A 1988 ya auri Saudatu, 'yar Garoua, suka zauna a gidan haya kusa da unguwar Ekoudou. A 1996 ƙungiyar mahautan unguwar ta naɗa shi ma'ajin asusun marayu da zawarawa, saboda ba a taɓa kama shi da kuskuren ko sefa biyar ba.

Takardar lamuni

A 2014 wani kamfanin jigilar shanu tsakanin Kamaru da Najeriya ya fitar da takardun lamuni na shekara goma. Sharaɗin shi ne a saya da sefa, kuɗin Kamaru, amma kamfanin zai riƙa biyan kason shekara da naira, uwar kuɗin ma da naira za ta dawo. A lokacin naira ɗaya sefa uku ce. Shugaban ƙungiya, Alhaji Alim, ya yi ɗari-ɗari, Malam Baballe ya ce masa a gaban jama'a, “Alhaji, ni ɗan can ne, na san naira. Ku saka, ni na tsaya.” Aka saka sefa miliyan shida, bisa alkawarin naira dubu ɗari biyu duk shekara da naira miliyan biyu a ƙarshe.

A ranar ya buɗe sabon littafi, ya ja layi goma, a kowane layi ya rubuta sefa dubu ɗari shida, a ƙasa kuma miliyan shida. Duka da biro. Nan ne mafarin abin, ko da yake mai wannan rubutu bai san a kira shi kuskure ko a'a ba.

Shekarun ciko

Shekarar farko lissafi ya tafi daidai. A 2016 naira ta faɗi, da ya kai naira dubu ɗari biyun, ɗan canji ya ba shi sefa dubu ɗari uku kacal. Kamfani ya biya abin da ya yi alkawari, ɗan canji bai cuce shi ba, amma littafi ya ce dubu ɗari shida. Bai faɗa wa kowa ba. Ya sayar da babur ɗinsa ya cike, aka raba wa zawarawa kafin Babbar Sallah kamar kullum.

Haka ya yi ta yi. A 2018 firiza biyu suka tafi, a 2021 filin da ya saya a unguwar Madagascar ta Yaoundé don gina gida. A 2022 karatun autansa ya tsaya a aji na kusa da ƙarshe a sakandare, aka ce masa kasuwa ce ta lalace. Saudatu ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce mata, “Maman Fa'iza, bari dai, tashi za ta yi.” Nairar ba ta tashi ba.

Taron 2024

A watan Agusta na 2024 wa'adi ya cika, kamfani ya biya naira miliyan biyu ba ragi, aka canza ta zama sefa dubu ɗari takwas. Giɓin miliyan biyar da dubu ɗari biyu ya fi ƙarfin duk abin da ya rage masa. A taron ƙungiya wani mahauci ya miƙe ya ce, “Shekara tara riba cif-cif, yau kuma uwar kuɗi ta narke? Malam, naman ma sai an sa a wuta yake raguwa.” An yi dariya, shi bai ɗago kai ba.

Alhaji Alim ya kai littafin wurin 'yar ƙanwarsa Safiyatu, mai aikin akanta a wani ofis. Ta bayyana cewa irin wannan takarda duk ƙarshen shekara ake sake kimanta ta da farashin canji na ranar, a rubuta asarar a gefe, kuma asarar ta ƙungiya ce, ba ta ma'aji ba. Ta kuma gano cewa ya zuba sama da sefa miliyan uku daga aljihunsa. Ta maimaita masa da Faransanci, ta maimaita da Hausa. Ya ce, “'Yata, na ji. Amma shida aka ba ni. Ba wanda ya ɗauka, kuma babu su. To ina suka tafi?” Ba a samu amsar da ta gamsar da shi ba. Mai wannan rubutu ma ya karanta bayanin nata sau da dama, ya gane lissafin, bai gane inda suka tafi ba.

Rasuwa

Ya ajiye muƙamin a watan Satumba, ya daina fita kasuwa. Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da shida. Kafin sallar jana'iza liman ya tambaya ko akwai mai bin mamacin bashi. Alhaji Alim ya ce, “Ƙungiya ba ta bin sa komai. Shi ke bin mu.” An binne shi bayan azahar a maƙabartar Musulmi ta birnin.

Ya bar matarsa Saudatu da 'ya'ya huɗu: Fa'iza, Musaddiq, Salwa, da Awwal, autan. Ya kuma bar littafin. A shafin ƙarshe, da hannunsa, ya rubuta “Abin da ake bina: 5,200,000.” Ƙungiya ta aiko cewa a soke layin. Littafin ya zagaya hannun 'ya'yan huɗu, har yau babu wanda ya iya ɗora biro a kai.