Ranar da Na Haska Majigi a Kan Likkafanin Tumba

Waɗanda ke cikin ɗakin ranar nan zan fara lissafa muku, don kada wani ya ce tsohuwa ta zauna ta ƙaga. Akwai ɗiyata Hassi, ita ce mai jego, da jaririnta a cinya. Akwai uwar mijinta Hajiya Kulu, da Ige unguwar zoma, da matan maƙwabta guda biyu, Dije da Balki, sai ni. Ɗana Garba yana waje bayan katanga wurin janareta, don namiji ba ya shiga. Akwai kuma Hajiya Tumba ta Maiyama, wadda har yau ban san ko in sa ta cikin lissafin ba ko in cire ta. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, a garin Aliero, shekarun da aka raba mu da Sakkwato aka ce mun zama jihar Kabi.

Lokacin muna zaune a Sabon Garin Jega. Garba ya samo wani injin majigi na hannu, irin mai haɗawa da bidiyo a sa kaset, yana yawo da shi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama yana haska wa mutane. A ɗakina yake ajiye shi, saboda duk gidan an san ba a taɓa kayana, yaro ko babba. Da tafiya ta yi tafiya sai matan kulle suka fara aiko masa, su ma suna son su gani, to shi ba shi da hanyar shiga, shi ya sa ya zaunar da ni ya koya mini. Ya haɗa komai kafin matan su shigo ɗakin ya fita, ni in tsaya a kan injin, a toshe tagogi da buhu a yi kallo da rana tsaka.

Kuma na riƙe abin da ya koya mini fiye da shi kansa. Ba a ɗora injin a katifa ko tabarma, sai a kan tebur, kuma ba a manna shi da bango, don ta gefensa yake shan iska yana fitar da zafi. Ba a leƙa idonsa in yana kunne. Waya ta bi gindin bango a danne ta, kada ƙafar wata ta kwaso. Janareta can nesa da taga, hayaƙinsa na kashe mutum yana zaune bai sani ba. 'Yar rariyar da ke tare masa datti, da gashin kaza nake share ta, gilashin idon kuma yana da nasa ɗan ƙyalle mai laushi, ranar da na kama Hassi za ta goge shi da bakin zane sai da ta ji a kunnenta. Babbar dokar kuwa ita ce, in an kashe shi a bar fankarsa ta yi ta juyi har ta tsaya don kanta, kuma kada a kuskura a rufe shi da komai sai ya huce. Wannan ita ce na fi yi wa mutane faɗa a kai, ku riƙe ta, za ku ji dalili.

Hajiya Tumba ƙawata ce tun muna 'yan mata a Jandutsi, aure ya kai ta Maiyama ni ya kawo ni Jega. Ta-Jega take ce mini. Shekarar da ta sauke farali ta dawo da farin yadi guda biyu waɗanda ta jiƙa da ruwan zamzam, ɗaya nata ɗaya nawa, na likkafani. Nata ta ɗaure da baƙin zare, nawa da ja. Sai ta ce mini gara ta addabi ɗakinta, ga jikoki masu yanka duk ƙyallen da suka gani, in ajiye mata nata cikin akwatina, ranar da aka aiko mini cewa ta kwanta in taho da shi. Ta ce, "Ke kaɗai nis sani da ba a buɗe ma akwati." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Shekaru suna nan a jere, nata da nawa, ko sauro bai sauka a kansu ba.

To ranar sunan ɗan Hassi, bazara ce, an gama cirar albasa, zafi kamar ya narka mutum. Hajiya Kulu ta roƙa a haska musu kaset na aikin hajji su ga Ka'aba, don cikinsu ita kaɗai ta taɓa zuwa. Da sassafe muna haɗa kaya a Jega, Garba ya warware farin ƙyallen da yake kafawa a bango, sai ga shi baƙi ƙirin, ashe jarkar baƙin mai ta tsiyaye a kansa cikin mota. Ya riƙe kai ya ce bangon gidan su Hassi jar ƙasa ce, ba abin da zai fito, ga shi an riga an yi alkawari, mota kuma na shirin tashi. Ya ce, "Inna, ba ki da wani farin abu ko da aro? Hoto ba shi kama tuhwa, da an gama a ninke."

Na kore shi waje na buɗe akwati. Jama'a, abin da ke ci mini rai ke nan. Hannuna a kan mai jan zare ya fara sauka, nawa. Na ɗaga shi, na ji jikina bai ba ni ba, yadin da za a naɗe ni da shi a ce mata sun zauna suna kallonsa suna cin gyaɗa. Na mayar da shi na ɗauki mai baƙin zare. Abin da ban yarda a yi da nawa ba, shi na yarda a yi da na amana. Ban gaya wa Garba ko mene ne ba, shi ma bai tambaya ba.

Bayan azahar ya kafa yadin da 'yan ƙusoshi a ɗakin Hajiya Kulu, ya daidaita injin a tebur, ya zura waya ta taga ya fita. Na bi na duba komai kamar kullum, na ture teburin daga bango, na sa aka bar ƙofa a ɗan buɗe don iska, na ja wa Balki kunne don na ga tana matso da fuskarta wajen idon injin. Janareta ya tashi, na danna inda ake dannawa, sai ga Makka a bango. Matan suka ɗauki salati. Dije tana ta cewa, "Ashe haka mutane ka yawa?" Hajiya Kulu kuwa ta samu abin yi, tana nuna musu da yatsa wai ga ƙofar da ta shiga, ga inda takalminta ya ɓata, Ige ta ce mata, "Hajiya, duba da kyau ko ki gane shi, mu aika a ɗauko." Aka yi ta dariya.

Ni ba na dariya in ina kan injin, idona na kan yadin, kunnena na kan fanka. Shi ya sa na riga kowa gani. Mutane na ta zagaya, fari fat, kamar ruwa na juyawa a ƙwarya, sai na ga wata a tsakiyarsu ta tsaya cik. Kowa fari, ita da zanen saƙi mai shuɗi. Kowa ya ba mu baya ko gefe, ita mu take fuskanta. Mai ɗaukar hoton ya juya zuwa wani wuri, ginin ya wuce, mutanen suka wuce, ita tana nan inda take a tsakiyar yadin. Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa mini ido. Sai na ji Ige, wadda ba ta taɓa ganin Tumba ba a duniya, ta rage murya ta ce, "Wacce ta waccan da ba ta zagayawa?"

Tumba ce. Kada ku ce mini ai ta taɓa zuwa hajji, ƙila a shekararta aka ɗauka, an sha gaya mini haka. Zanen da ke jikinta ni na aika mata da shi da ƙaramar sallar da ta wuce, kuma da tsufanta na lokacin na gan ta, da ɗan karkacewar wuyan nan nata. Ba ta ɓata fuska ba, da ta ɓata ma da ya fi mini sauƙi. Ta ƙanƙance ido kamar wanda haske ya dama, ta miƙo hannu ɗaya, tafin a sama, yadda mutum ke yi in ya zo karɓar abinsa.

Na sa tafin hannuna na tare idon injin. Makka ta ɓace, ɗakin ya yi duhu, yadin ya koma inuwar hannuna. La'ilaha illallahu, Tumba na nan tsaye cikin inuwar, hannunta a miƙe.

Daga nan ban san lissafin da na yi ba. Na tsallake ƙafafun matan na fizgo yadin daga ƙusoshi, na juyo na kifa shi a kan injin, na tattara shi na danne da hannu biyu, wai don hasken ya mutu ta tafi. Ni da ke zagin mutane a kan hakan. Ina jin fankar tana gurnani ƙarƙashin hannuna tana neman iska, ina jin zafi na cin tafina, ban ɗaga ba. Jariri ya tsandara kuka, matan na salati, Hajiya Kulu na cewa, "Ku riƙe ta, ku riƙe ta!" Sai ƙauri ya tashi, sai muka ji tas, ƙwan injin ya fashe. Garba ya kashe janareta yana buga katanga yana kira, "Inna! Lahiya? Inna, mi af faru?" Hassi ce ta ajiye ɗanta ta ɓamɓare hannuwana ta janye yadin, aka yaye buhunan taga.

Da haske ya shigo na shimfiɗa shi a ƙasa. Tsakiyarsa ta toye ta yi ja kamar faɗin faifai, da 'yar huda a ciki wadda yatsa zai shiga. Hajiya Kulu ta sunkuya ta taɓa bakin yadin, ta ga ba a taɓa yanka shi ba, ta ga baƙin zaren da na ɗaure a wuyan hannuna don kada ya ɓata, ta dube ni ta ce, "Wanga na wa na?" Na janye shi na ninke. Na tambayi Ige abin da ta gani, ta ce ita ba ta ga komai ba, in bar ta, ta ɗauki mayafinta ta tafi ko tuwon suna ba ta tsaya ci ba. Garba kuwa da aka fitar masa da injin ya juya shi ya duba, bai ɗaga mini murya ba, abin da ya ce kawai, "Inna, ke da ka hana mutane?" Da yamma ya kai kaset ɗin wurin wani mai talabijin suka kalla daga farko har ƙarshe, ba mai shuɗin zane a ciki.

Kafin in gaya muku abin da na yi da gari ya waye, ga abin da zan ce da ku. In kuna da irin injin nan, ku ba shi iska, kada tsoro ko gaggawa ya sa ku rufe shi da zafinsa. In kuma wani ya ba ku ajiyar abin da zai tafi da shi kabari, ko duniya za ta taru tana roƙo, ku ce ba ku da shi.

Da asuba na bi motar albasa zuwa Jega, na buɗe akwati na sa ƙonannen a ciki na ɗauko mai jan zare, ko ruwa ban sha ba na nufi tashar Maiyama. Duk hanya ina jiran in tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida. Ban tarar ba. Matar ɗanta ta tare ni a zaure ta ce dama suna shirin aiko mini, jiya tsakanin azahar da la'asar zazzaɓi ya kayar da Hajiya tana zaune lafiya lau, ta yi ta cewa a kashe fitilar da ke idonta, alhali rana tsaka ce ba fitila, daga baya ta ce an toshe mata numfashi, sai can ta yi gumi ya sauka.

Na same ta kwance a rumfa, da zanen saƙin nan mai shuɗi. Ta buɗe ido ta ce, "Ta-Jega, kin iso? Jiya na yi ta miƙa miki hannu har ya gaji."

Na durƙusa na ajiye ƙunshin kusa da kanta. Ta lalubo shi ta ga zaren ta ce, "Wanga ba nawa na ba."

Na ce, "Naki na yanzu, Hajiya."

Ta ce, "Wancan hwa?"

Na ce, "Ni za ni shiga shi."

Ta jawo ƙunshin ta sa ƙarƙashin kanta, ta yi 'yar dariya har haƙorin Makkanta ya fito. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban gaya wa kowa a Maiyama an yi majigi ba, balle ƙuna, kuma ba wanda ya riga ni zuwa daga Aliero. Ta lumshe ido ta ce, "To kada ki yi gaggawa, ƙawa. Bari shi huce tukuna."