Littafin Awon Kawu

Kawuna tela ne, shekara talatin yana taka keke ɗaya a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene. Da kuɗin intanet da ake kira kirifto suka shigo, wani mai kawo masa ɗinki ya saka masa manhajar cinikinsu a waya, shi kuma ya zuba ɗan abin da ya tara.

Bai taɓa fitar da ko sisi ba. Musaya kawai yake yi: in wannan kuɗin ya tashi, sai ya canza shi da wancan, kamar yadda yake ba maƙwabcinsa yadi ya karɓi zare. Kowace musaya yana rubuta ta a littafin awo, tsakanin kafaɗar wani da tsawon wandon wani.

Da takardar ofishin haraji ta zo, ya tafi da littafin a hammata. Ma'aikaciyar ta buɗa shafi bayan shafi, ta ce, "Baba, a wurinmu kowace musaya sayarwa ce. Bara ka ci riba sau goma sha ɗaya."

"'Yata, ko sisi ban taɓa ba. Yanzu ma abin ya faɗi warwas."

"Faɗuwar ta bana ce, Baba. Harajin na bara ne."

Har ta yaba masa tsabtar rubutu.

Kawu ya biya da kuɗin ɗinkin wata uku, ya koma kan kekensa. Ribar dai bai taɓa ganin kalarta ba, amma rasit ɗin harajinta na nan soke a ƙusa, kusa da almakashi.