Koriyar Fitilar Bi-a-Sannu

A kamfanin haƙa rijiyoyin da yake wa tuƙi, babu mai kiransa da sunansa na yanka. Bi-a-Sannu ake ce masa, tun shekarar da wani injiniya mai gaggawa ya rantse cewa jaki ya wuce su a hanya. Bai musa ba. Cewa ya yi jakin ba ya ɗauke da bututu goma sha biyu da injiniya mai surutu.

Shekara ashirin da uku ke nan yana riƙe da makullin a-kori-kura. Wadda ke hannunsa yanzu ita ce ta uku, fara ce, kuma a ƙofar gidansa take kwana saboda an yarda da shi. Kowace safiya, kafin ya sa komai a bakinsa, sai ya jawo tiyo ya wanke ta. Ba wankin ganin ido ba. Durƙusawa yake ya cusa tiyon ƙarƙashinta, ya danne bakinsa da babban yatsa don ruwan ya fita da ƙarfi, ya bi lungu-lungu yana korar lakar jiya. Matarsa takan ce da ita ake wa rabin wannan hidima, da tuni ta koma yarinya.

Mutane suna cewa tsafta ce. Akwai tsaftar, amma akwai wani abu a bayanta. Bi-a-Sannu ya daɗe da gane cewa direban da motarsa ke ƙyalli ba a cika duban fuskarsa ba, balle a tsaya ƙirga furfurarsa.

Wata safiya yana kan hanyar zuwa kamfani, sai wani koren haske ya ƙifta masa a gefen ido. Ya duba allon bayan sitiyari. A nan akwai 'yar fitila mai hoton tayoyi huɗu, wadda ba ta kamawa sai ya ja ƙaramar giya don tayoyin duka su ja tare a yashi ko taɓo. Bai taɓa giyar ba, ga shi a kan kwalta. Ya zuba wa fitilar ido, ta yi shiru. Ya mai da ido kan hanya, ta sake ƙiftawa.

Washegari haka, jibi ma haka. Kullum da safe, kullum yana shi kaɗai. Kafin ya isa kamfani ya ɗauki injiniyoyi, ta daina kamar an yi ruwa an ɗauke.

Da wani direban ne, da tuni ya kai rahoto. Shi kuwa ya yi gum, don ya tuna yadda mahaifinsa ya fara: ƙananan tartsatsi a gefen ido, musamman da safe, wanda babu mai gani sai shi. Cikin shekara biyu sai da aka riƙa jan masa sanda. Ga kuma Baba Mai Geti, wanda ya koya wa Bi-a-Sannu tuƙi a cikin yashi. Ranar da idonsa ya fara rauni aka karɓi makulli aka ba shi kujerar roba a bakin ƙofar kamfani. Tun da fitilar ta fara, Bi-a-Sannu ya daina tsayawa su gaisa. Ɗaga hannu kawai yake ya wuce, kamar kujerar tana da wuri na biyu.

Abu mafi sauƙi shi ne ya kira matarsa ta zauna a mota ta duba. Amma idan ta ce ba ta ga komai ba fa? Tambayar da yake tsoron amsarta ya gwammace ya haɗiye ta.

Mako uku ya yi a haka. Ranar wata Asabar bayan azahar ya kai motar garejin ƙanin matarsa, mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, wanda ya taso a gidansu kuma har yau bai san jin nauyin bakinsa ba.

"Yaya, yau amarya ce da kanta a garejina? Bari in share mata wuri."

"Rage surutu. Duba min ita kawai."

"Me ke damun ta?"

"Kai ne mai aikin. Ka gano."

Mai wayarin ya kalle shi na ɗan lokaci, sannan ya shiga ya tayar da mota. Ya ja ƙaramar giya, koriyar fitila ta kama. Ya mayar, ta mutu. Ya ciro fiyus ya ɗaga shi sama ya duba, ya mayar. Ya zare allon ya jijjiga wayoyin bayansa ɗaya bayan ɗaya. Fitila ko gezau.

"Lafiyarta ƙalau, Yaya. Ta fi ni lafiya."

Wannan ita ce maganar da Bi-a-Sannu ya zo yana tsoro. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna.

Mai wayarin ya goge hannu ya tsuguna a gabansa, ya sassauta murya. "Likita ma sai an faɗa masa inda ke ciwo. Me ka gani?"

"Ban ce na ga komai ba."

"To me ba ka gani ba?"

Bi-a-Sannu ya dubi ƙasa. "Waccan koriyar. Kamar tana ƙiftawa. Kamar dai."

"Yaushe?"

"Da safe."

"Da rana fa?"

"Ba ta yi."

"In an yi ruwa?"

"Ina ruwa a wannan watan?"

Mai wayarin ya dubi motar, yana kallon yadda ƙarƙashinta ke sheƙi kamar faranti. Sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa. "Har yanzu kana yi mata wankan nan na safe? Wanda yayata ke cewa ka fi kula da mota a kan mutane?"

"Me ya haɗa wanka da fitila?"

"Hau da ita kan rami. In ka hau ka bar ta a kunne, ka zauna a ciki, kada ka taɓa komai."

Ya hau. Mai wayarin ya jawo tiyon gareji ya sauka cikin ramin. Bi-a-Sannu yana jin ƙarar ruwa na dukan ƙarfe a ƙarƙashin kujerarsa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai tsallake kogi. Minti ɗaya, biyu. Sai fitilar ta ƙifta. Ta sake. Ta kama rawa.

Ko yanzu bai yarda da idonsa ba.

Mai wayarin ya fito jiƙe har gwiwar hannu, ya leƙo ta taga. "Ga ta nan tana maka fari da ido. Ai ko daga nan ina ganinta."

"Kana ganinta?"

"Koriya shar."

Bi-a-Sannu ya kifa goshi a kan sitiyari. Numfashin da ya saki, mako uku yana riƙe da shi.

Bayanin bai da tsawo. A jikin akwatin ƙaramar giya akwai makunnin da ke gaya wa fitila ta kama. Robar da ke rufe soket ɗinsa ta tsage, shekaru tara ana harbin ta da ruwa. Duk safiya ruwa ya shiga ya haɗa wayoyi biyu, fitila ta rikice. In mota ta yi zafi ruwan ya bushe, sai ta dawo hayyacinta.

"Laka ba ta taɓa yi mata komai ba," in ji mai wayarin yana shafa wa sabon soket giris. "Kai ne ciwonta, Yaya. So ya yi yawa."

Bi-a-Sannu ya yi dariya har da ƙwalla. Yana cikin dariyar, ƙanin matar tasa ya miƙo masa tsohon soket ɗin.

"Karanta min lambar jikinsa in rubuta."

Ya karɓa. Ya matsar da shi nesa kaɗan. Ya ƙara matsarwa, har hannunsa ya miƙe sambal.

"Hannun ya kusa ƙarewa," in ji mai wayarin. "In ara maka nawa?"

"Rubutun ne ƙanana."

"Haka yayata ta ce za ka ce. Ta kira ni tun makon jiya. Wai kullum kana tsayawa gaban kalanda kana rufe ido ɗaya, kana zaton tana kicin." Ya karɓi soket ɗin ya jefa a kwandon shara, ko lambar bai duba ba. "Mai hango rami tun daga nesa ba makaho ba ne. Tabarau ne na karatu kawai, irin na manajanku. Amma ni mai wayarin ne. Ka je masu aikin su duba, ka daina yi wa kanka duba."

Bi-a-Sannu ya tambayi ranar da asibitin ido ke ganin mutane.

Ranar Litinin ya wanke motar daga sama, ya bar ƙarƙashinta da lakarta, abin yana masa ciwo. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ya karɓa ya shanye shayin a tsaye kusa da ita maimakon a cikin mota. Har ya isa kamfani fitilar ba ta motsa ba.

A bakin geti ya taka birki, ya kashe mota, ya sauko.

"Baba, ina kwana?"

Tsohon ya ɗago kai wajen muryar. "Bi-a-Sannu? Na ɗauka ka koyi gudu ne a tsufanka."

"Wata 'yar fitila ce ta dame ni."

"Wacce? Ta ƙaramar giya?" Baba Mai Geti ya gyara zama, ya jawo masa benci. "Ai da ka tambaye ni. Zauna ka ba ni labari."