Wainar Saukar Yaya

Abin da na fara gani da na fito daga adaidaita a ƙofar gidan Kaka a Gyaɗi-Gyaɗi shi ne kujerun roba farare, an jera su layi biyu. Ɗaya ƙafarta ta karye, an tokare ta da bulo. A bakin zaure kuma ga takalmin Yaya, wari ɗaya, na hagu.

Yayana yana koyon tuƙin jirgin sama ne a wani fili da ke can wajen gari. Ba irin na alhazai ba. Ƙarami ne, na mutum biyu, mai dogayen fukafukai da ɗan inji a hanci, wanda ake iya kashewa a sama jirgin ya ci gaba da shawagi. Mako biyu kafin wannan rana ya yi waya gidanmu a Tarauni, ya ce in na je wajen Kaka in gaya mata malaminsa ya ce ya isa ya yi sauka shi kaɗai ranar Alhamis ta sama, ta sa shi a addu'a.

Na je na faɗa yadda ya faɗa. Kaka ta ajiye carbinta.

"Sauka? Wannan da ya tsaya a izu goma? Ashe a ɓoye yake karatu."

Na san ba saukar Alƙur'ani ba ce. Na buɗe baki, amma ta riga ta miƙe tana kiran maƙwabciya ta kan katanga. Ni ban iya gyara wa babba magana ba, ko a aji in na san amsa a littafi nake rubutawa. Sai na zauna ina kallon zanen tabarma. Kaka ta ce kada in gaya wa kowa a Tarauni, walimar tata ce.

Ranar Alhamis Yaya ya sauka. Ranar Asabar Baba ya kawo shi a mota, domin Kaka ta ce a kawo mata shi ko a kwance yake. Ni sai da na tashi daga Islamiyya na biyo su.

Na same shi a ɗakin Kaka, ƙafar dama cikin filasta a kan matashi, sanye da farar babbar riga da ta ɗinka masa. Hannun rigar ya yi masa tsawo. Baba na tsaye a bakin ƙofa. A tsakar gida mata suna ta juya waina a tanda.

"To, maigida," in ji Kaka, haka take kiransa don wasa, "wace sura ce ta karya maka ƙafa?"

Yaya ya yi bayani a hankali. Malaminsa ya sha gaya masa kada ya ja sandar tuƙi ya ɗaga hancin jirgi sai ya ga ciyawa ta fara fitowa ɗai-ɗai. Shi kuwa ya ja da wuri. Jirgin ya tsaya a sama kamar tsayin katangar Kaka, sannan ya zauna da ƙarfi. Ya yi tsalle, ya sake yi, taya ta lanƙwashe, farfela ta tono ƙasa.

"Sau nawa ke nan ka sauka?"

"Uku, in an haɗa da tsallen."

"Ai ka fi limamin unguwa."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce an gama, da ƙafar ta warke Yaya zai koma shago. Yaya ya ce malamin ya ce ɗalibai da yawa kan yi haka sau ɗaya, kuma wurinsa na nan. Baba ya ce shi ma shagon yana nan.

Na dubi Yaya. Na lura hannunsa na kan sandar dogarawa da aka ba shi a asibiti, yana janta baya kaɗan-kaɗan, yana saki, yana sake ja. Bai san yana yi ba.

An ci waina. Matan layi suka riƙa leƙowa suna cewa barka da sauka, Allah ya sa albarka, yana amsawa da amin. Wata ta kalli filastar ta kalli Kaka. Kaka ta ce ya sauka, da ɗan saura.

Tunda nake ban taɓa jin Baba ya ce wa Kaka a'a ba. Da ta shiga madafa kwashe miyar taushe na bi ta, na tsaya a bayanta har ta cika kwano biyu.

"Kaka, na sani tun ranar. Ban faɗa ba ne."

"Ke da bakinki kamar an ɗinke. Miƙo murfin can."

Na miƙa, amma ban saki ba.

"Tunda an riga an ci wainar saukar," na ce, "don Allah ki ce wa Baba ya bar shi ya koma ya yi ta daidai."